Rasuwar da Muka Ɓoye wa Malam

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya jarrabe mu kuma ya dube mu da rahama. 'Yan uwana mata masu jinyar miji ko uwa ko ɗa, ku na fi so ku karanta wannan. Na daɗe ina son rubuta shi, sai in fara in ajiye, don da na tuno sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Yanzu da maigidana ya warke sarai har yana tsokanata da zancen, na ga babu amfanin in ci gaba da riƙe shi a raina.

Sunana Rabi, a unguwa kuma Maman Ummi ake ce min. Muna zaune a Kakuri a Kaduna, a gidan haya, ciki da falo muke da shi, famfo ɗaya ne a tsakar gida mu da sauran 'yan haya duka. Maigidana, wanda nake kira Malam, tela ne. Da can a masaƙa yake aiki, da aka rufe ta ya koma kan keken ɗinki. Mutum ne na jama'a ƙwarai. Shagonsa ya fi kama da majalisa, masu keke da makanikai da tsofaffin abokan aikinsa duk nan suke yada zango, ana ɗinki ana musu ana dariya. Salla kuwa, sai dai in ba ya gari za ka rasa shi a sahun gaba.

Da aka sa dokar kulle saboda korona, a rana guda aka raba shi da shago, aka raba shi da masallaci, aka raba shi da abokan hira. Makon farko ya ɗauke shi kamar hutu. Ya gyara mana ƙofar da ta daɗe tana ƙara, ya koya wa yara karatu, yana ta ba'a wai yau ya ga irin zaman da mata suke yi. A mako na biyu ne na lura rediyo ba ta barin kunnensa. In an faɗi adadin waɗanda suka kamu, sai ya maimaita a hankali. In an kira shi an ce wani dattijo ya rasu a wani gari, sai ya yini bai ce uffan ba.

Daga nan barci ya ƙaurace masa. Sai bugun zuciya, sai ya ce numfashinsa ba ya kaiwa ƙasa, kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji. Gumi ya riƙa karyo masa yana zaune, tafin hannunsa kuma sanyi ƙalau. Babu zazzaɓi, babu tari. Na ce mu je asibiti, ya zaro ido.

"Ki kai ni su killace ni? Wanda aka ɗauka a motar asibitin nan kin taɓa ganin ya dawo da ƙafarsa?"

"Malam, wa ka sani da aka ɗauka?"

"Ai ba sai na sani ba. Ana faɗa."

Sai muka bi hanyar da kowa yake bi, wato kemis. Mai kemis ya dube shi daga nesa ya ce maleriya ce da taifot, ya haɗa mana ƙwayoyi cike da leda. Ya shanye su tas, babu abin da ya sauya sai ɗacin baki. 'Yan uwa kuma kowa da nasa maganin ta waya. Wannan ta ce a yi masa surace da ganyen darbejiya. Wancan ya ce citta da tafarnuwa da lemon tsami. Ƙanwar mahaifiyata ta ce iska ce, a nemo rubutu. Duk na yi, har falonmu ya koma warin tafarnuwa, yara suna toshe hanci. Ban raina ko ɗaya ba, don kowa da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma Malam kullum ƙara zubewa yake.

Wata safiya ya tashi zai yi alwala jiri ya kwashe shi, ya dafe bango. Ranar ban nemi shawararsa ba. Na jira ranar da aka buɗe gari don cefane, na tari mai keke, na ce ko ya shiga ko in zauna a ƙofar gida in yi ta kuka har maƙwabta su taru. Ya shiga.

Layin asibitin tun daga bakin get ya fara. Ga bokitin wanke hannu, ga wani ma'aikaci yana saita wa kowa na'urar auna zafi a goshi, ga wata nas tana ta faɗa a ba da tazara alhali bencin bai isa ba. Da Malam ya fara jan numfashi da ƙarfi, sai na ga mutanen da ke kusa da mu suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, wata mata har da jan ɗanta. Wannan ya ƙona min rai, amma da na sa kaina a matsayinta sai na yi mata uzuri. Mun isa da hantsi, ba mu ga likita ba sai da azahar ta gota. Kuɗin kati da na gwaji da na magani suka cinye abin da na fito da shi don cefane, har da kuɗin atamfar da na sayar wa wata maƙwabciya.

Likitan dattijo ne, fuskarsa a rufe, idonsa duk gajiya. Ya auna shi, ya saurari ƙirjinsa, ya ce bai ga alamar korona ba, jininsa ne ya hau sosai, kuma tunani ya yi masa yawa. Da muka fito sai ya sa aka sake kirana ni kaɗai, ya nuna min yadda za a riƙa shan maganin tunda azumi ya gabato. Ina miƙewa ya ƙara da cewa, "Hajiya, a kula da shi. Kada a tayar masa da hankali."

Wannan maganar na riƙe ta kamar karatu. Duk wanda ya kira ya tambayi jiki sai na maimaita masa ita, har da Yaya Asabe, babbar yayar Malam da ke aure a Tudun Wada.

Maganin ya karɓe shi. Da azumi ya kama har ya ɗan farfaɗo. Oga Emeka, makanikin da ke ɗakin ƙarshe a gidanmu, ya taimaka aka ɗauko keken ɗinkin daga shago aka kawo falo, Malam ya fara ɗinka takunkumin fuska da ragowar yadi. Ƙarar keken nan ta fi min kowace waƙa daɗi a lokacin. Na ce to, mun haye.

Ana cikin goman farko na azumi, ina tankaɗen garin kunu, Yaya Asabe ta kira wayata.

"Rabi, yana kusa da ke?"

"Yana falo, Yaya."

"Fita waje."

Na fita bakin famfo. Muryarta a dashe ta ce, "Inna ta cika ɗazu da safe. Har an kai ta."

Inna ita ce mahaifiyarsu, tana zaune a ƙauyensu can bayan Soba tare da autansu Habu. Tsufa ne da 'yar gajeriyar rashin lafiya. Matar nan ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, sunanta ma muka sa wa babbar 'yarmu, shi ya sa muke ce mata Ummi. Na buɗe baki zan yi salati da ƙarfi, Yaya ta katse ni.

"Rufe bakinki! Kada ki kuskura ya ji. Ni ma nan ban samu zuwa ba, hanya a rufe take, to jin nasa me zai ƙara? Ke da bakinki kika ce likita ya ce kada a tayar masa da hankali. So kike mu binne biyu?"

"Yaya, uwarsa ce fa."

"Ni ba uwata ba ce? Na riga na gaya wa Habu da kowa. Sai ya warke."

Wanda ya tashi a cikinmu ya san wannan ba baƙon abu ba ne. Ana ɓoye wa mai ciwo rasuwa, ana ɓoye wa mai tsohon ciki, ana ɓoye wa wanda ke kan hanya har sai ya iso gida an zaunar da shi. Tausayi ne ke sa a yi. Ni ma a lokacin na ga hikimar abin. Na wanke fuskata a famfo, na koma na ci gaba da tankaɗe. Ko yara ban gaya wa ba, don na san bakinsu.

Sai dai ɓoyon da aka saba yi na kwana ɗaya ne ko biyu, kuma gida cike da mutane, kowa na ɗauke wa mai ciwo hankali. Namu kuwa ni kaɗai ce da shi a ciki da falo, dare da rana, babu inda zan je, babu inda zai je. Fuskata ita ce kaɗai abin kallonsa.

Al'adar Malam ce duk Juma'a ya kira wayar Habu a kai wa Inna su gaisa, don ita ba ta riƙe waya. Juma'ar farko Habu ya ce tana barci, azumi ya ɗan wahalar da ita. Da ya sake kira washegari aka ce ta shiga maƙwabta barka. Bayan nan sai babu caji, sai babu sabis, sai "ta ce a gaishe ka, tana sa maka albarka." Malam ya ajiye wayar ya ce, "Ikon Allah. Inna ta zama gwamna, sai da alƙawari ake ganinta." Ya yi dariya, ni ma na yi, na tashi na shige kicin.

Wayata kuma ta ƙi hutawa. Dangin da suke shekara ba su neme ni ba duk suka riƙa kira suna min gaisuwa, tunda ba su da damar yi masa. Da ta yi ƙara sai in ɗauka in fita. In sun ce a ba su shi, sai su yi ta "Sannu, Malam, sannu ka ji, Allah ya sa kaffara ne," murya na rawa. Da kwana bakwai ya cika ban iya haƙura ba, na soya ƙosai mai yawa na dama kunu na rarraba wa maƙwabta da niyyar sadaka ga Inna. Da ya tambaya na ce sadakar azumi ce. Ya dube ni ya dubi kwanukan, don ya san abin da ke cikin buhunmu bai kai a yi irin wannan rabon ba.

A makon ne keken ɗinki ya yi shiru. Ya koma uwar ɗaka ya ce ni da yara mu riƙa kwana a falo. Ya ware kofinsa da kwanonsa da butarsa. In ƙaraminmu ya nufo shi da gudu sai ya daka masa tsawa ya koma, mutumin da a da yaro ke hawa wuyansa yana ɗinki. In an sha ruwa, dabino ɗaya da kurɓin kunu, shi ke nan. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bugun zuciyar ya dawo fiye da na farko.

Ni ma ban san halin da nake ciki ba sai daga baya. Ina makokin uwar mijina a ɓoye, ina jinyar ɗanta a fili, ina yi wa yara fara'ar dole. In na tsaya salla sai in rasa raka'a nawa na yi. Wurin kukana ɗaya ne, bakin famfo, in na sakar wa bokiti ruwa yadda ƙararsa za ta rufe ni.

Muka koma asibiti. Wannan karon wata matashiyar likita muka samu. Ta ga jinin ya sake hawa duk da yana shan magani a kan ƙa'ida, sai ta ajiye biro ta ce, "Baba, akwai abin da ke damunka a gida?"

Ya juyo ya dube ni. Ni kuma na dubi ƙasa.

"Babu," in ji shi.

Ta ce, "To. Amma ku sani damuwa ciwo ce kamar kowane ciwo. Zan ƙara maka na barci, sai dai ƙwaya ba ta cire abin da mutum ya haɗiye." Na so in tsaya in yi mata bayani, amma layi na jira a waje, nas ta riga ta leƙo, kuma Malam na tsaye a kaina.

Wadda ta fara buɗe min ido ita ce Maman Godiya, maƙwabciyarmu ta ɗaki na biyu, mutuniyar Zonkwa, 'yar zumuntar mata a cocinsu. Tun ranar rasuwar ta sani, don ita ta same ni a famfo. Kullum in za ta wuce sai ta ce Allah ya ba ni haƙuri, in ta dafa abu mai ɗan daɗi ta aiko wa yara. Ranar da muka dawo daga asibiti ta tsaya nesa da ni da bokitinta ta ce,

"Maman Ummi, har yanzu ba ku gaya wa Baban Ummi ba?"

"Yayarsa ta hana. Kuma kin ga yadda jikin yake."

"Na gani, shi ya sa nake magana. Mu ma muna yin haka a garinmu. Ina da cikin Godiya babana ya mutu, aka ɓoye min. Kowa ya shigo sai ya yi ta lallaɓa ni kamar ƙwai. Kin san abin da na ɗauka? Na ɗauka abin da ke cikina ne ya mutu suka ƙi faɗa min. Ko abinci kasa ci na yi. Mai ciwo ba yaro ba ne, 'yar uwa. Yana gani. In ba ku ba shi labari ba, zai ƙirƙiro nasa, kuma nasa sai ya fi naku muni."

Maganar ta shige ni, amma tsoro bai bar ni ba. Na kira Yaya Asabe na ce ko za a nemi liman ya zo ya gaya masa cikin dabara. Ta ce, "A bari a yi salla tukuna. Ke dai ba ki da haƙuri." Na yi ta addu'a Allah ya zaɓa min abin da ya fi alheri, don na rasa wanda zan bi.

Ana saura 'yan kwanaki salla, bayan la'asar, ya kira ni. Na zo zan shiga ya ce in tsaya daga bakin ƙofa. Yana zaune a kan darduma, ya jingina da gado.

"Rabi, zauna nan ki saurare ni, kada ki katse ni. Keken nan kada ki sayar da shi da araha, ki bari Emeka ya nemo mai saye, ba zai cuce ki ba. Yadin mutane na cikin baƙar jaka, kowanne da sunan mai shi, a mayar musu. Ummi kuma, ko me za a yi, kada a cire ta daga makaranta."

"Malam, wace irin magana ce wannan?"

"Na ce kada ki katse ni." Ya numfasa. "Shekara nawa muna tare, kin taɓa iya min ƙarya? Ranar da likitan nan ya mayar da ke ciki ke kaɗai, na san akwai magana. Tun daga nan waya ba ta ƙara a gabana sai kin fita. Mutanen da ko a bikin suna ba sa kirana, yanzu kowa sannu yake min kamar zai yi kuka. Kin yi min sadaka da abincin da yara za su ci. Maman Godiya kullum haƙuri take ba ki. Inna ma an hana ta jin muryata, don kada ta gane. Ni ba na tsoron mutuwa, Rabi, kowa zai je. Abin da ke cina shi ne kada in shafa wa yaran nan, da kuma yadda kuka bar ni ni kaɗai da ita. Ki gaya min don Allah. Cutar ce? Ko zuciyar ce ta lalace? Nawa ya ce ya rage min?"

Ashe duk tsawon makonnin nan mutumin nan zaune yake yana jiran ranarsa, mu kuma muna ganin kare shi muke yi. Na manta da Yaya, na manta da likita. Na tsallake bakin ƙofar na shiga, yana cewa in koma, na durƙusa na kama hannunsa biyu.

"Malam, na rantse da wanda raina ke hannunsa, ba kai ba ne. Babu abin da likita ya ce sai yadda za ka sha magani. Ba ka da cutar nan. Inna ce. Inna ce Allah ya yi wa rasuwa."

Ya tsaya yana kallona kamar bai ji Hausa ba. Can ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya sake faɗa. Ya ce, "Yaushe?"

"Tun goman farko."

Sai kuka. Ban taɓa jin Malam ya yi kuka da murya ba sai ranar. Na zabura zan ɗauko maganinsa, don na gama sallamawa faɗuwa zai yi, ya riƙe min zane ya girgiza kai. Ya yi mai isarsa, yara na leƙe daga falo. Sannan ya ɗaga hannu ya yi ta yi wa Inna addu'a, yana kiran alheranta ɗaya bayan ɗaya. Da ya shafa, ya dubi yaran ya ce, "Ku zo." Suka tsaya suna kallona, don sun saba da tsawa. Ya ce, "Ku zo mana, kakarku ce ta rasu." Ya rungume su duka, Ummi ya fi daɗewa a kanta.

Bai faɗi ba. Da aka kira salla ya shanye kunu kofi guda ya nemi ƙari. Ya yi barcin da ko sahur na kasa tashinsa, har na riƙa kai hannu kusa da hancinsa.

Kada ku ɗauka shi ke nan an koma daɗi. Fushi ya biyo baya. Kwanaki ya yi ba ya min magana sai ta dole. Yaya Asabe kuma da ta ji, ta kira ta wanke ni tas, ta ce in wani abu ya same shi a wuyana yake. Yana jin muryarta ta cikin wayar ya miƙo hannu ya karɓa.

"Yaya, ina wuni. Ya haƙurinmu?"

Sai ta fashe da kuka.

Ya ce, "Yaya, na san don ni kika yi. Amma uwarmu ɗaya. Ke kin yi ta yi mata addu'a a cikin watan nan mai alfarma, ni kuma ina nan ina yi wa kaina. Da na bi ta a makonnin nan, da na je ban san tana can ba."

"Ka yafe min, ɗan Inna. Tsoro ne. Na rasa ta, na ga kamar zan rasa ka."

"Na yafe. Rabi ma ki daina yi mata faɗa, faɗanta nawa ne, ban gama ba."

Daga jin wannan na san ya fara saukowa.

Washegarin salla ya ɗauki tabarma ya shimfiɗa a ƙofar ɗakinmu, ya sa farar riga da takunkumin da ya ɗinka da hannunsa, ya ce zaman makokin uwarsa zai yi ko da shi kaɗai ne. Ba a taru ba, don doka ba ta bari ba. Amma labari ya zaga, mutane suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, su tsaya daga wajen famfo su yi gaisuwa su fita. Liman ya zo ya yi addu'a daga tsaye. Abokan majalisa suka zo. Baban Godiya ya cire hula ya ce Ubangiji ya ta'azantar da shi. Oga Emeka ya zo da baƙin mai a hannu ya ce, "Oga Tela, ndo, sannu. Mama ta huta. Amma kai ka ci abinci, ka ji? Wandona na wajenka tun kafin kulle, in ka mutu wa zai ba ni?" Malam ya yi dariya har da tari, Emeka ya yi tsalle ya ja baya, aka sake fashewa.

Duk wanda ya tsaya, sai Malam ya ba shi wani labari na Inna. Yadda ta sayar da tunkiyarta ta sa shi a mota zuwa Kaduna neman aikin masaƙa. Yadda take ce wa keken ɗinkinsa "matarka ta biyu." Wayar da a da nake fita da ita waje, yanzu tasa ce ke ƙara, yana amsa gaisuwa da bakinsa. Ina zaune daga ciki ina ji, ni ma a lokacin ne na samu na yi kukana a fili, Maman Godiya na gefe tana ba ni baki. Na lura duk labarin da ya bayar, kamar ana sauke masa wani kaya ne daga ƙirji.

Mako biyu bayan haka muka je aka auna jinin, ya sauka. Bai daina shan magani ba, har yau yana sha, kuma wani lokacin bugun zuciyar kan taso masa in ya ji labari mara daɗi. Amma yanzu ya san sunan abin, sai ya ce min, "Rabi, baƙon nan ya zo," in zauna kusa da shi mu yi ta hira har ya wuce. Rediyo kuma mun yi yarjejeniya, sau ɗaya a yini.

Ina godiya ga likitocin nan biyu, sun yi aiki a lokacin da kowa ke gudun mai ciwo. Ƙorafina ɗaya ne. In za ku ce wa mai jinya kada a tayar wa mara lafiya hankali, ku ƙara mana bayani ko na minti ɗaya ne, don mu a gida fassara muke yi da irin fahimtarmu. Ku kuma 'yan uwana, ban ce a faɗo wa mai ciwo da mummunan labari kamar an jefa dutse ba. A nemi lokaci, a zaunar da shi, a sa wanda yake jin nauyinsa a kusa, in da hali a tambayi likita. Amma kada ɓoyon ya yi tsawo. Wanda ke kwance ba abin da yake yi sai karanta fuskokinku.

Da aka buɗe hanya ya tafi ƙauye shi da Yaya Asabe, Habu ya kai su kabarin. Ya kwana biyu ya dawo da tsarabar daddawa da kuka, da carbin Inna da aka ce a ba ni. Da yamma yana zaune a kan kekensa yana sa zare, ina yankan alayyahu a gefe, sai ya ce ba tare da ya ɗago ba,

"Rabi, faɗan nan da na ce ban gama ba."

Na ce, "Ina ji, Malam."

"Na yafe miki. Amma ki yi min alƙawari ɗaya. Daga yau duk wanda ya mutu, ki gaya min. Ko ni ne na mutu, ki tashe ni ki gaya min, kada in ji a bakin Emeka."

Na yi dariya har wuƙar ta faɗi daga hannuna, hawaye na zuba. Na ce na yi alƙawari. Ya taka kekensa ya ci gaba da ɗinki.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta. Masu ciwo na gida da na asibiti Allah ya ba su lafiya, masu jinya kuma ya ba su ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya a lokacin da ya dace.